Shanu 26, Madara Lita 4: Amsa Ga Malamin Da Ya Tsaya Tsakanin Inna Da Yaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, ya bar mana farfarun shanu 26 waɗanda har yau ba a raba ba: manyan mata tara, bijimi ɗaya, karsana shida, matasan maza bakwai da maruƙa uku. Uku kaɗai ake tatsa, kuma da rani duka madararsu ba ta wuce lita 4 a yini. Bara an haifi maruƙa biyar, biyu suka mutu da zawo kafin su cika wata uku. Shanu biyu sun yi ɓari a wajen wata na bakwai, wasu biyun kuma sun haura shekara biyu ba su ɗauki ciki ba. Ƙanena mai kiwonsu, wanda shi ya ciro mabiyiyar ɗaya daga cikin masu ɓarin da hannunsa, shi ma zazzaɓi ya hana shi sakat, ga kusan rabin albashina yana tafiya wajen sayen allurar shanu. Yayana ya ce a sayar da goma a sayo shanun Turawa biyu masu ciki. Inna ta ce muddin tana raye ba za a taɓa ko ɗaya ba, domin su ne abin da Baba ya bari, kuma da kuɗin nonon take cefane. Wa zan goya wa baya?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kuma sanya albarka a cikin abin da ya bar muku. Malam, ka tambaye ni wanda za ka goya wa baya tsakanin Inna da Yaya, kuma zan zo kan wannan. Amma akwai maganar da ka ambata a gefe kamar ba ta da nauyi, alhali ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka, wato zazzaɓin ƙanenka.

Shanu biyu sun zubar da ciki a wata na bakwai, mabiyiya ta maƙale, yaron da ya sa hannu ya ciro ta kuma yana fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Duk wanda ya daɗe a aikin dabbobi, idan ya ji waɗannan abubuwa uku a jere, bakkale zai fara zargi, cutar da likitoci ke kira burusela. Tana sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, tana kumbura gwiwar wasu shanun, tana kumbura marainan bijimi, kuma tana shiga jikin mutum ta hanyar taɓa ɗan ɓari da mabiyiya ko shan madarar da ba a tafasa ba. A jikin mutum takan zo da zazzaɓi, da gumi da daddare, da ciwon gaɓoɓi da na baya, shi ya sa ake daɗewa ana shan maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifod ba tare da an ga sauƙi ba. Ban ce lallai ita ce ba, domin yunwa da sammore da zazzaɓi mai zafi duk suna sa ɓari, kuma ba a gane cuta ta wasiƙa. Abin da nake roƙonka shi ne ka kai yaron babban asibiti a cikin wannan mako, ka gaya wa likita a fili cewa makiyayi ne kuma ya taɓa mabiyiyar saniyar da ta yi ɓari, domin idan ba a faɗa ba da wuya hankalin likita ya kai nan. Tana da magani a jikin mutum, amma na makonni ne, kuma ba a yanke shi a tsakiya.

Su kuwa shanun, a kira likitan dabbobi ya ɗebi jinin manyan matan tara da karsanan da bijimin a gwada. Akwai gwaji mai sauri da ake kira Rose Bengal, kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya bai yi muku nisa ba. Ka sani cewa saniyar da ta kamu yawanci sau ɗaya take ɓari, daga nan ta ci gaba da haihuwa kamar lafiyarta ƙalau, alhali tana zubar da ƙwayar cutar a madara da ruwan haihuwa, kuma babu allurar da za a dogara da ita ta raba ta da cutar. Wadda gwaji ya tabbatar tana da ita, mahauta za a sayar wa, a kuma gaya musu gaskiya. Sayar wa mai neman ta kiwo tare da ɓoye aibinta zalunci ne da addini ya hana. Daga yau duk madarar gidanku a tafasa ta kafin a sha ko a yi kindirmo, duk abin da ya fito wajen haihuwa ko ɓari a ɗauke shi da safar hannu ko leda mai kauri a binne shi da zurfi yadda kare ba zai tono ba. Kafin sakamako ya fito, kada bijiminku ya hau shanun maƙwabta, kada nasu ya hau naku.

Yanzu sai shawarar Yaya. Burinsa mai kyau ne, domin ya lura da abin da yake gaskiya, cewa farar saniyar nan tamu, Bunaji, komai kulawar da aka yi mata akwai iyakar da madararta ba ta wucewa, kuma 'yar ruwa-biyu da aka samu tsakaninta da Firisiyan, wato shanun Turawa masu baƙi da fari, takan ba da lita 8 zuwa 12 a yini idan ta sami abin da take so. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika ta shafe shekaru masu yawa tana wannan haɗi. Sai dai duk maganar tana rataye ne a kan "idan ta sami abin da take so". Garken da bai iya ƙosar da Bunaji ba, wadda ta saba da yunwa da ƙishi da kaska tun kakannin kakanni, ta yaya zai riƙe saniyar da cinta ya kusa ninka nata, wadda zafi ke fara damunta tun ma'auni bai kai digiri 30 ba, a ƙasar da watan Afrilu ke haura 35?

Na taɓa zuwa gidan wani bawan Allah da ya yi irin wannan ciniki. Ya sayar da shanu da dama ya sayo uku masu baƙi da fari, ya ɗaure su a ƙarƙashin rumfar kwano wadda tsayinta bai wuce mutum ya miƙa hannu ya taɓa ba. Na isa bayan azahar da bazara, na tarar da su a tsaye, wuya a miƙe, harshe a waje, suna haki kamar wanda ya yi tsere, yawu yana zuba. Rabin gangar da ake zuba musu ruwa ta bushe ƙaraf, a komin abinci kuwa babu komai sai guntayen karan dawa da suka gaza taunawa. Na ɗaga wutsiyar ɗaya na ga kaska jere kamar an shuka. Mai su yana ta ƙorafi cewa an cuce shi an sayar masa da marasa madara. Damina na sauka kirci ya rufe bayan biyu daga cikinsu. Ban ga laifin shanun ba, kuma ban ga laifin wanda ya sayar ba. Wannan bayan cewa a kasuwa babu mai rabuwa da saniyarsa mafi albarka haka kawai. Mai ciki da aka kawo kara, sau da yawa akwai dalilin kawo ta, kuma dillali ba zai karanta maka shi ba. A sayar da goma a zuba kuɗin gado, wanda har da haƙƙin marayu da na Inna a ciki, a kan dabbobi biyu da ɗaya za ta iya mutuwa a dare guda, kasada ce da ba zan ba ka shawarar shiga ba a wannan shekara.

Matsalar garkenku, gwargwadon abin da ka rubuta, ta ciki ce, wato yunwa. Madara ta baki take shiga kafin ta fito ta hantsa. Saniya mai nauyin kilo 300 tana bukatar busasshen abinci kilo 7 zuwa 9 kowace rana, kuma cika tumbi kaɗai bai wadatar ba. A cikin tumbin akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka ciyawa, kuma ba sa aiki yadda ya kamata sai abincin yana da furotin kimanin kashi 7 cikin 100. Ciyawar daji da ta bushe a tsaye da rani takan faɗi ƙasa da kashi 4. Shi ya sa za ka ga saniya ta yini tana kiwo ta dawo ciki a cike, amma haƙarƙarinta ana ƙirga su daga nesa. Irin wannan saniya jikinta take ci ta yi madara, idan jikin ya ƙare sai madarar ta tsaya, kuma ramammiyar saniya ba ta neman bijimi. Ga asalin shanunka biyu da suka haura shekara biyu babu ciki, idan gwaji bai nuna wata cuta ba. Saniyar da ke ƙoshi tana iya haihuwa duk wata 13 ko 14, taku kuwa sai ta kai shekara biyu, ma'ana kusan rabin maruƙan da rabin madarar da ya kamata ku samu suna salwanta tun ba a gan su ba.

Tunda kai malami ne, bari mu yi lissafi. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu kwana 200 ne da 'yan kai. Idan kuka ware shanu shida mafi kyau, masu shayarwa da masu tsohon ciki, kuka ba kowace kilo 2 na harawar wake ko ta gyaɗa kullum bayan sun dawo daga kiwo, kuna bukatar kilo 2,400 a shekara. Adadin yana da ban tsoro idan a watan Maris za a saya, lokacin da damin harawa ke tsada kamar zinariya, amma da kaka, sa'ad da manoma ke neman kuɗi kuma harawa ke jibge a gonaki, abu ne mai yiwuwa, balle idan kuna da gona kuka ƙara yawan wake da gyaɗa a cikinta saboda shanun. A yanke ta tun ganyen bai kakkaɓe ba, a busar da ita, a ajiye a inuwa, domin amfanin yana cikin ganyen, kuma wadda aka bari a kan rufi rana na dukanta wata da watanni kara kawai take zama. A kan harawa sai a ƙara haɗin dusa da angurya ko tunkuza, kimanin kilo 1 ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi da saniya ke bayarwa, a raba safe da yamma lokacin tatsa, a fara da kaɗan ana ƙarawa a cikin mako biyu don kada cikinta ya ɓaci. Kada a ba ƙananan maruƙa angurya, tana da wani sinadari da tumbinsu bai isa ya kashe dafinsa ba. Duk dusa ko tunkuzar da ta yi funfuna a zubar da ita, domin gubar funfunar tana ratsawa har cikin madarar da yaranku za su sha. Karan dawa da na masara a daddatse su ƙanana a yayyafa ruwan gishiri, za ka ga abin da suke bari a ƙasa ya ragu ƙwarai. Gishirin lasa da kanwa kuma kada su yanke.

Idan kuna da fili ko da rabin kadada ne, ku killace shi ku shuka abincin shanu da damina, kamar waken lablab, ko gamba, ko ciyawar Nafiya idan wurin yana da danshi; ku nemi iri da bayani a Shika. Wannan ba sabon abu ba ne a jiharku. A shekarun 1980 masu bincike na ILCA, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Afirka, sun yi aiki da makiyaya a yankin Kaciya a kan killataccen fili na ciyawar sitailo, inda ake sakin masu shayarwa da masu ciki su yi kiwon awa biyu zuwa uku a yini da rani, sauran garken kuma ya tafi daji.

Ruwa kuwa mutane suna raina shi, alhali kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Mai shayarwa da bazara tana shan jarka biyu zuwa uku masu lita 25 idan ta samu. Wadda ake korawa rafi sau ɗaya a yini ba za ta taɓa nuna iyakar madararta ba, ko da kuwa tunkuza ake cika mata komi da ita. A ajiye musu ruwa mai tsabta inda suke kwana, a kuma yi musu inuwa mai tsayi da iska ke ratsawa. Bishiya ko rumfar zana ta fi kwano sanyi.

Mutuwar maruƙa biyu cikin biyar ita ce asarar da ta fi kowace girma, domin maraƙar yau ita ce mai madarar shekara huɗu masu zuwa, kuma Bunaji idan ɗanta ya mutu yawanci madararta ɗaukewa take yi. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi yake samunta, kuma hanjinsa yana karɓar wannan garkuwa sosai ne a awa shida na farko, bayan yini ɗaya kuma ƙofar ta rufe. Saboda haka a tabbatar ya sha ya ƙoshi tun a awa biyu na farko, idan ya kasa tashi a tatsa a ba shi a hankali, kuma kada a taɓa dakashin don amfanin gida sai ya gama da shi. A tsoma cibiyarsa a ruwan aidin. A riƙa matsar da dangwali zuwa busasshen wuri, domin maraƙin da ke kwana a kan kashin jiya da na shekaranjiya zawo na jiransa. A ba shi maganin tsutsar ciki yana da mako biyu zuwa uku. Idan zawon ya zo, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, don haka a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari irin na yara tsakanin shan nono, kada a hana shi uwarsa, a kuma kira malamin dabbobi idan idanunsa suka faɗa ko ya kasa tsayuwa.

A nan ne maganar ta shafi Inna, kuma ina so ka karanta wannan da natsuwa. A yawancin gidajenmu saniya ta maza ce, madara ta mata. Tsari ne mai hikima, domin ya ba uwar gida abin hannunta. Amma yana da wani rami: wadda ke cin kuɗin nono ba ita ke sayen dusa ba, wanda zai sayi dusa kuma ba ya ganin ko kwabo daga nono, sai a wayi gari babu mai sayen dusar. Sannan idan madara ta yi ƙaranci kuma cefane na jira, ƙwarya ce ke cin rabon maraƙi. Ba na zargin Inna da komai, lita 4 ce a hannunta kuma da ita take ciyar da gida. Amma a wata biyu na farko dole a bar wa maraƙi aƙalla kan nono biyu cikin huɗu, ana sauyawa, kuma ba za ka iya neman wannan daga gare ta ba sai ka cike mata gurbin abin da za ta rasa. Kuɗin da kake kashewa a allura, ka mayar da wani kaso nasa cefanen Inna na waɗannan watanni. Idan madara ta ƙaru, ku yi yarjejeniya a fili cewa ta safe tata ce kamar yadda take tun zamanin Baba, ta yamma kuma kuɗinta asusun abincin shanu zai shiga.

Batun allura, ina jin rabin albashin nan naka yawancinsa a banza yake tafiya. Al'ada ta zama duk saniyar da ta rame a soka mata Samorin ko Berenil, magungunan sammore, ko allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake kira L.A., ba a auna nauyinta ba, ba a san abin da ke damunta ba, sau da yawa ma maganin a rana aka shanya shi a kasuwar ƙauye. Na ga saniyar da aka yi wa maganin sammore har sau uku tana ƙara lalacewa, da aka yanka ta aka buɗe tumbi sai ga leda da igiyar buhu sun dunƙule sun cika shi, har mahaucin sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga. Idan shanunku suna bi ta juji ko bayan kasuwa, ku sauya musu hanya. Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne riga-kafi: na ciwon huhu kowace shekara, na harbin daji kafin saukar damina musamman ga matasa daga wata shida zuwa shekara biyu, da na ciwon baki da kofato bisa shawarar likita. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin da yawa daga cikin waɗannan allurai, har da ta bakkale da ake yi wa 'yan maruƙa mata, kuma gwamnatocin jihohi sukan fito da gangamin riga-kafi. Ka riƙa tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Ka lura da cewa a cikin ƙanƙara aka kawo allurar, domin wadda ta sha zafi ruwa ce kawai. Maganin tsutsa a ba su a farkon damina da ƙarshenta, a haɗa da na ciwon hanta idan suna kiwo a fadama, amma a tambayi likita kafin a ba mai sabon ciki. Kaska a riƙa cire ta da hannu kowace safiya kamar yadda Fulani ke yi, idan ta yi yawa a yi feshi da maganin da aka yi don dabbobi, kada a kuskura a yi da na feshin gona. Duk dabbar da aka sayo, daga Wudil ne ko Maigatari ko maƙwabci, a ware ta wata guda kafin ta shiga garke.

Ka tambayi Inna ko ta taɓa lura cewa wani lokaci kindirmonta yakan ƙi yin barci bayan an yi wa saniya allura. Maganin ne ke fitowa a madara ya kashe abin da ke sa nono ya kwanta, kuma irin wannan madara ba ta dace da sha ko sayarwa ba sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Wajen tatsa kuma a wanke hannu da hantsa, a share da tsumma mai tsabta, a fara tsirta tatsar farko a baƙin kofi a duba ko akwai gudaji ko jini, alamar ciwon hantsa ke nan, kuma mai shi ita ake tatsa a ƙarshe. Bayan tatsa a ba su abinci don su tsaya kamar rabin awa, saboda ƙofar kan nonon ba ta rufewa nan take, idan suka kwanta a ƙazanta cuta ta samu hanya. Saura wata biyu saniya ta haihu a daina tatsarta, a ƙara mata abinci.

Duk wannan yana bukatar kuɗi, kuma kuɗin yana tsaye da ƙafa huɗu a cikin garkenku. Matasan maza bakwai ba sa ba da madara, ba sa haihuwa, suna cin ciyawar da mata ke bukata. Idan ba na huɗa ba ne, a zaɓi huɗu ko biyar a turke su wata uku a yi musu kiwo a sayar gab da Babbar Sallah, a haɗa da duk wadda gwaji ya kama da juyar da ta ci ta ƙoshi wata shida amma ba ta ɗauki ciki ba. A nan Yaya ya fi Inna gaskiya cewa sai an sayar, ita kuma ta fi shi gaskiya cewa ba a taɓa iyayen garke. Kada ka tunkare ta da lissafi a gaban yara. Ka je da kawunku ko baffanku wanda take jin nauyinsa, ka fara da maruƙan nan biyu da suka mutu a gabanta, ka bar ta ta zaɓi shanun da ba za a taɓa ba, musamman zuriyar waɗanda Baba ya fi so, ka kuma nuna mata inda kowace naira za ta tafi: rumbun harawa, ruwa, inuwa, gwajin jini. Tunda gadon ba a raba ba, ku kira malamin da ya san rabon gado ya fayyace kason kowa a rubuce, ko da shanun za su ci gaba da zama wuri ɗaya, kuma kada a sayar da ko ɗaya sai da yardar magada da waliyyin ƙanana.

Kai kuma naka aikin shi ne littafi. Ka sayi littafin rubutu irin na ɗalibanka, ka ba kowace saniya shafinta da sunan da ake kiranta da shi. Ka rubuta ranar da ta haihu, ranar da bijimi ya hau ta, maganin da aka yi mata da kuɗinsa, sannan sau ɗaya a mako, misali kowace Asabar, ka auna madararta ita kaɗai da robar da ka yi wa alamar lita. Cikin saniya kwana 280 ne zuwa 285, kuma idan ba ta ɗauka ba takan sake neman bijimi bayan kimanin kwana 21, don haka littafin zai gaya maka ranar da za ka sa ido. Bayan shekara guda za ka ga abin mamaki, domin a cikin shanun da ke cin abinci iri ɗaya za a sami wadda ta ninka 'yar'uwarta madara.

Shanu biyu ko uku mafi madara da littafin ya fitar, da su za a kai ga burin Yaya. Idan garken ya tsarkaka daga bakkale kuma rumbu ya cika kaka biyu a jere, a kira ma'aikacin da ke sanya wa saniya maniyyin bijimin Firisiyan da hannu, abin da ake kira barbarar zamani. Wadda aka ga alamarta da safe, tana tsayawa wasu na hawanta, ana yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma kuma washegari da safe. Bunaji alamarta gajeruwa ce kuma sau da yawa da dare take zuwa, don haka ƙanenka, idan Allah Ya ba shi lafiya, shi zai riƙa dubawa da asuba da magariba. Daga ranar barbara zuwa ranar da 'yar da aka haifa za ta fara ba da madara kusan shekara uku da rabi ne zuwa huɗu, amma za ta tashi a ƙasarku, ta sha dakashin uwar da ta san cututtukan wurin, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na sayen mai ciki a kasuwa ba. Ku tsaya a rabi da rabi, kada ku yi ta ƙara jinin Turawa a kowace haihuwa har juriyar Bunaji ta ɓace, kuma duk lokacin da aka yi barbarar ka karɓi lambar bijimin da ke jikin ɗan bututun maniyyin ka rubuta a shafin saniyar, don kada nan gaba a sake sa wa 'yarsa nasa.